Neman aikin injiniya a tashar nukiliya, daga Janairu zuwa yau

14 ga Janairu, 2024

Yau wata huɗu ke nan da na fara aika takardun neman aiki zuwa tashoshin wutar lantarki na nukiliya. Shida na aika, ko ɗaya ba a amsa ba. Daga yau zan riƙa rubuta abin da na yi da abin da ya biyo baya, don kada in riƙa maimaita kuskure ɗaya ina zaton sabon ƙoƙari nake yi.

Abin da ke hannuna shi ne digiri a fannin injiniyan kanikanci, da shekara biyu a sashen gyara na wata masana'anta, inda nake fama da famfuna da bawul da tukunyar tururi. Ban taɓa zama a ajin nukiliya ba ko sau ɗaya, kuma na daɗe ina ganin wannan ce katangar da ta tare ni.

Jiya na yi magana ta waya da wani dattijon injiniya, abokin malaminmu na jami'a, wanda ya yi sama da shekara ashirin a wata tasha kafin ya yi ritaya. Na fara ba shi haƙuri a kan ban karanta nukiliya ba, sai ya katse ni. "Ɗana, a tashar da na yi aiki, masu lissafin cikin riyakta, wato tukunyar da yuraniyom ke haifar da zafi a cikinta, ba za su cika ɗaki ɗaya ba. Sauranmu duk famfo muke bi, da bawul, da waya, da takarda." Ya ce in aiko masa da takardar tarihin karatuna da aikina. Na ce, "To, Baba, yau ɗin nan." Na aika kafin in kwanta.

28 ga Janairu

Takardar ta dawo da jan biro ko'ina. Na cika ta da kalmomin nuna sha'awa, na ɓoye aikin hannuna a layi biyu can ƙasa. Baba ya ce in juya ta: famfo nawa ne a ƙarƙashina, wane iri, wace matsala na gano, da wane ma'auni na gano ta, wa ya duba aikina bayan na gama. Na sake rubuta ta sau uku.

Sauran lokacin na ba shi ga karatu, awa biyu kowane dare. Na fara da riyakta mai ruwa a matse, domin ita ce ta fi yawa a duniya. Da na zana ta da hannuna sai na ga rabin abin na riga na san shi. Ruwa kashi uku ne, ba sa haɗuwa. Na farko yana ratsa cikin riyakta, ya fito da zafin da ya kai wajen digiri 325, amma ba ya tafasa, saboda an matse shi da matsi na kusan 'bar' 155, wato kusan ninki 155 na matsin iskar da muke shaƙa. Wannan ruwan yana bi ta dubban siraran bututu a cikin tukunyar tururi, ya ba ruwa na biyu zafinsa ta jikin ƙarfe. Na biyun ne ke zama tururi ya juya farfela, farfela ta juya janareta. Na uku kuma daga kogi ko teku ko hasumiyar sanyaya ruwa yake zuwa, aikinsa ya mayar da tururin ruwa. Daga tukunyar tururi zuwa gaba, kusan babu abin da ya bambanta ta da tashar kwal.

Lissafin da ya tsaya mini a rai: tashar da ke ba da megawat 1,000 na lantarki tana haifar da zafi kusan megawat 3,000. Kashi biyu cikin uku zubar da shi ake yi. Ashe babban aikin wurin kwashe zafi ne, dare da rana, ba hutu. Kwashe zafi kuwa aikin famfo ne.

11 ga Fabrairu

Amsa biyu sun zo, duka na ban haƙuri. Ɗaya ko sunana ba a rubuta daidai ba. Na aika sababbi huɗu da gyararriyar takarda.

3 ga Maris

Mako biyu na yi a kan hatsarin tashar Three Mile Island, kuma ban yi nadamar lokacin ba.

Ranar 28 ga Maris, 1979, da misalin ƙarfe huɗu na asuba, a jihar Fensilbeniya ta Amurka, famfunan da ke kai ruwa tukunyar tururi na riyakta ta biyu suka tsaya. Matsi ya hau, wani bawul a saman tankin daidaita matsi ya buɗe don ya rage, kamar yadda aka tsara shi. Riyakta ta kashe kanta. Har nan komai daidai. Sai bawul ɗin ya ƙi rufuwa. A ɗakin sarrafawa akwai fitilar da ma'aikata ke dubawa, ta kuma nuna musu kamar ya rufu. Amma fitilar ba bawul take kallo ba, umarnin da aka aika masa take nunawa. An ce masa rufe, fitila ta shaida an faɗa masa, shi kuwa yana nan a buɗe, ruwan sanyaya yana tsiyaya sama da awa biyu. Ma'aunin tankin ya nuna ruwa ya yi yawa, sai ma'aikatan suka rage famfunan gaggawa da hannunsu, domin haka aka koya musu: kada a bar tankin nan ya cika. Kusan rabin cikin riyakta ya narke.

Me ya sa abin da aka kashe zai narke? A nan na fahimci abin da ya raba wannan aiki da na tukunyar masana'antarmu. Idan na kashe wutar tukunyata, magana ta ƙare. Riyakta kuwa, ko an tura sandunan sarrafawa an tsayar da fashewar yuraniyom, ɓaraguzan da fashewar ta bari suna ci gaba da fitar da zafi. Daƙiƙar farko bayan kashewa, zafin ya kai kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na yadda take aiki, wato kusan megawat 200 a babbar tasha. Bayan awa ɗaya yana nan wajen kashi ɗaya da rabi. Abin da ya ci Fukushima ke nan a Japan ranar 11 ga Maris, 2011: riyaktocin sun kashe kansu da girgizar ƙasa, sai igiyar teku ta cinye janaretocin dizal, aka rasa abin da zai tura ruwa.

Na rufe littafin na daɗe zaune, saboda ni ma ina da tawa fitilar. A shekarata ta farko a masana'anta, bayan gyaran wani famfo, akwai fom da ke cewa a tabbatar bawul ɗin shigar ruwa a buɗe yake. Makaniken ya ce mini ya buɗe, mutum ne da na yarda da shi, ga shi dare ya yi. Na sa hannu ban taka zuwa wurin ba. Bawul ɗin rabi aka buɗe. Famfon ya yi ta ƙara kamar ana zuba masa tsakuwa, kafin safe boris ya tafi. An ɗora wa makaniken laifi, ni kuma na yi shiru har kwana biyu kafin na je na gaya wa ogana cewa sa hannuna na ƙarya ne. Kwana biyun nan su ne suka fi damuna har yau, fiye da famfon.

24 ga Maris

Intabiyu na farko, ta waya, minti talatin, da wata injiniya da wani daga sashen ɗaukar ma'aikata. Tambayar famfo ta zo mini da sauƙi: me ke sa ruwa ya yi kumfa a bakin famfo, yaya ake gane shi, yaya ake magance shi. Na yi bayanin faɗuwar matsi a mashiga, da yadda kumfar ke fashewa a jikin farfela tana cin ƙarfe, da duba rariya ko ta toshe. Na ji muryarta ta saki.

Sai ta tambaye ni abin da ake yi idan aka ga farin gari ya taru a jikin noti a layin ruwan farko. Ban sani ba. Maimakon in faɗi haka, sai na shiga kame-kame, na ce wataƙila gishirin ruwa ne, a goge a ci gaba da sa ido. Ta yi shiru kaɗan ta wuce tambaya ta gaba.

Da na gaya wa Baba, bai yi mini faɗa ba, amma ya ce da na ce ban sani ba zan je in tambaya, da na ci tambayar. Farin garin asid ɗin boron ne, wanda ake narkawa a ruwan farko don ya shanye niyutiron, wato ƙwayoyin da ke fasa yuraniyom. Inda ka gan shi a bushe, ruwa na yoyo a wurin, kuma yana cin baƙin ƙarfe. Ya ce in je in karanta labarin tashar Davis-Besse. Na karanta. A watan Maris na 2002, a jihar Ohayo ta Amurka, aka tarar asid ɗin ya ƙwaƙule rami a murfin riyakta, ya cinye ƙarfe mai kaurin kusan santimita 15, saura siririn shafi na ciki da bai kai santimita ɗaya ba yana riƙe da duk matsin nan. Alamu sun daɗe suna bayyana: tsatsa tana gangarowa, filtocin iska suna toshewa akai-akai. Ana gogewa, ana canza filta, ana ci gaba. Amsar da na ba matar nan ita ce daidai abin da aka yi a can.

2 ga Afrilu

Ba su ɗauke ni ba. Na sa ran haka.

21 ga Afrilu

Wata ƙofa ta buɗe ta gefe. Tashoshi suna tsayawa duk bayan wata 12 zuwa 24 don canza wani ɓangare na makamashin riyakta, kuma a 'yan makonnin nan ake yin gyaran da ba ya yiwuwa tana aiki. Ana buƙatar ɗaruruwan hannaye na wucin gadi. Wani kamfanin kwangila mai gyaran bawul ya ɗauke ni mako biyar a matsayin mataimakin injiniya. Na nemi hutu ba albashi a masana'anta. Yayata ta ce, "Ƙanena, kada ka saki reshe ka kama ganye." Na ce, "Yaya, reshen yana nan, hutu kawai na ɗauka." Ta yarda amma ba da zuciya ɗaya ba.

Kafin a ba ni katin shiga sai da na yi gwajin fitsari, na cike fom na duk inda na zauna da inda na yi aiki, na zauna jarrabawar kwamfuta a kan radiyeshin. Ƙa'idar uku ce: rage lokaci, ƙara nisa, sa kariya tsakaninka da abin. Ma'aunin da ƙasashe da yawa ke bi ga ma'aikaci shi ne milisibat 20 a shekara idan aka raba a kan shekara biyar, Amurka kuma iyakarta 50 a shekara. Mutumin da bai taɓa ganin tasha ba yana samun wajen 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama.

19 ga Mayu

Ban yi rubutu ba saboda awa goma sha biyu muke yi, kwana shida a mako. Akwai abubuwa da yawa, amma guda biyu zan ajiye a nan.

Na farko, yadda ake magana. Idan shugaban aiki ya ce a rufe bawul kaza, ba a cewa to. Sai ka maimaita masa sunan bawul ɗin da lambarsa da abin da za ka yi, shi kuma ya ce haka ne, sannan ka taɓa. Kafin ka taɓa ɗin ma sai ka ɗora yatsa a kan katin da ke jikin bawul, ka karanta da ƙarfi, ka gwada da takardar da ke hannunka. Kwanakin farko abin ya yi mini nauyi a baki. A mako na biyu na ga amfaninsa da idona: wani ya maimaita lambar layin B alhali layin A aka ce, aka gyara shi nan take, ba wanda ya ɗaga murya, aiki ya ci gaba.

Na biyu, washa. Duk inda aka buɗe bututu, ana kewaye wurin da igiya, a zaunar da mutum ɗaya da littafi yana rubuta duk abin da ya shiga da duk abin da ya fita. Sifana ɗaure take da zare a wuyan hannu. Biro mai murfi ba ya shiga. Dalili shi ne, ɗan guntun ƙarfe idan ruwa ya ɗauke shi ya kai cikin riyakta, zai iya maƙalewa ya yi ta gugar sandar makamashi har ya huda ta. Ranar Alhamis, ƙarfe biyu na dare, muna shirin rufe wani bawul, ni ke ƙirga kayan da aka cire. Littafi ya ce washa goma sha biyu. A tire goma sha ɗaya. Na sake ƙirgawa, na ɗaga kowane noti, na duba ƙarƙashin tsumma. Goma sha ɗaya. Mutum biyar suna tsaye, duk a gajiye, ana jiranmu a wani aikin. Zuciyata tana cewa wataƙila kuskuren rubutu ne tun farko. Bakina ya bushe, amma na ce, "Oga, a dakata, washa ɗaya ba ta cika ba."

Ogan bai yi tsaki ba. Ya ce kowa ya ajiye abin da ke hannunsa, ya kira a kawo kyamara mai dogon wuya, aka zura cikin bututun. Awa uku muka yi. Ba a ciki take ba: ta manne da giris a bayan murfin bawul ɗin, inda ba a gani sai an kifa shi. Aka rubuta rahoto, da sunana a matsayin wanda ya tsayar da aiki. Na zaci abin zargi ne. Da safe injiniyan tashar mai kula da layin ya zo ya neme ni, ya tambayi inda na yi karatu, ya ce za su buɗe gurbin sababbin injiniyoyi a watan Yuni.

9 ga Yuni

Na koma masana'anta. Dosimitata, wato na'urar da ke auna radiyeshin da jikina ya sha, ta nuna ƙasa da milisibat ɗaya a duk mako biyar ɗin. Gurbin ya fito, na aika takarda a ranar. Yanzu ina ganin wurin aikina da wani ido, har na fara sa makanikai su maimaita mini umarni. Wasu sun karɓa, wasu suna ganin na dawo da iyayi.

7 ga Yuli

Intabiyu ido da ido, mutum huɗu a tebur, awa ɗaya da rabi. Tambayoyin fasaha ba su fi kashi ɗaya cikin uku ba. Sun ba ni jadawalin girgizar wani famfo na wata shida: lambar tana hawa a hankali amma ba ta kai iyakar da aka sa ba. Me zan yi? Na ce ba zan jira ta kai ba, zan rubuta rahoto yau, in ƙara yawan aunawa, in duba mai da zafin boris, in kuma tambayi abin da ya canza wata shida baya. Suka tambaye ni yadda sinadarin zenon ke shafar riyakta bayan an rage ƙarfinta. Na ce na san yana shanye niyutiron kuma yana ƙaruwa na 'yan awoyi bayan ragewa, amma lissafinsa ban iya ba tukuna, sai na koya. Wanda ya yi tambayar ya rubuta wani abu ya gyaɗa kai.

Sai babbar cikinsu ta ce in ba su labarin kuskuren da na taɓa yi wanda ya jawo asara. Na riga na shirya wani ƙaramin labari marar zafi. Na bar shi, na ba su na bawul ɗin da na sa wa hannu ban gani ba, har da kwana biyun da na yi shiru makanike yana shan zargi. Ta tambaye ni me ya sa kwana biyu. Na ce tsoro, ranki ya daɗe. Ta ce me ya sa na je daga baya. Na ce na kasa haɗa ido da mutumin. Ba ta ce komai ba, ta wuce. Na fito ban san ko na gyara ko na ɓata ba.

A ganina wannan tambayar ita ce intabiyun gaba ɗaya. Bayan hatsarin 1979 kamfanonin Amurka suka kafa ƙungiyar INPO, bayan hatsarin tashar Chernobyl na 1986 aka kafa takwararta ta duniya, WANO, a 1989, duk don tasha ta riƙa gaya wa 'yar'uwarta kuskurenta. Tsarin da aka gina a kan rahoto ba zai yi aiki da mai ɓoye nasa ba.

30 ga Yuli

Sun kira. An ba ni aikin, da sharaɗin in tsallake bincike. Na kira Baba, ya ce, "Madalla, ɗana. Yanzu ka fara." Na kira Yaya, ta yi ta hamdala.

25 ga Agusta

Jira. Binciken wannan karon ya fi na kwangila zurfi. Sun kira tsofaffin wuraren aikina, sun duba bashi, na yi gwajin ido da kunne, na amsa ɗaruruwan tambayoyin gwajin hali a kwamfuta. Akwai wata uku bayan gama jami'a da ban yi aikin komai ba, sai da na kawo wanda zai shaida inda nake. Ban ajiye aikin masana'anta ba, kuma ba zan ajiye ba sai na ga ranar farawa a rubuce.

Na yi amfani da jiran na koma kan zenon. Aidin 135 ne ke rikiɗa ya zama zenon 135, rabin rayuwar na farko, wato lokacin da rabinsa ke ɗauka ya rikiɗe, wajen awa shida da rabi, na biyu wajen awa tara. Riyakta na aiki, niyutiron suna ƙone zenon ɗin. An rage ƙarfi, ƙonawa ta ragu, aidin kuwa yana ci gaba da zubowa, sai zenon ya taru. Yanzu zan iya zana layin da hannuna.

6 ga Oktoba

Mako uku da farawa. Har yanzu rabin yinina a aji nake, kuma an gaya mana za mu yi watanni kafin a yarda mu sa hannu a kan wani lissafi mu kaɗai. Kowa yana da katin cancanta mai jerin abubuwan da sai wani babba ya yi maka tambayoyi ya gamsu kafin ya sa hannu a layi ɗaya. Nawa layi biyu ne kacal suka cika.

An haɗa ni da injiniyar da ke kula da ruwan sanyaya kayan aiki, wato layin da ke kwashe zafi daga famfuna da na'urorin musayar zafi na gaggawa. Ba ya cikin abin da ake nuna wa baƙi, amma idan ya tsaya, kayan da za su ceci riyakta su ma sun tsaya. Ta ba ni zanen layin ta ce in bi shi da ƙafa, bawul bayan bawul, in dawo in zana mata shi da ka. Na gwada ranar Laraba, na manta layin da ke zagaye na'ura ta biyu. Zan sake ranar Talata.

A zagayen jiya na lura gejin bambancin matsi na na'urar musayar zafi ta B ya ɗara na A kaɗan. Na duba littafin wata uku, na ga a hankali yake hawa, bai kusa iyaka ba. Mai yiwuwa datti ne ke taruwa a bututun, mai yiwuwa gejin ne ke buƙatar saiti. Na rubuta lambobin da ranakunsu, na shigar da rahoto kafin in tashi, na ajiye kwafi a teburinta. Gobe da safe za mu je mu duba tare.